Kwana uku a filin Ingal

Duk shekara, in watan satumba ya kama, hatsi ya yi kai a gonakin Dallol Boso ana jiran girbi, akwai tambayar da ke tashi a tashar motar Filinge da bakin ofisoshi: wa za shi Ingal bana? A Ingal, can yamma da Agadas, ake yin bikin lasar gishiri, wanda ma'aikata suka fi sani da sunansa na Faransanci, Kir Sale. Kwana uku hukuma ta yanka ma bikin, kuma ba a ɗaki ake yin su ba. Garin ƙarami ne, gidajensa ba su iya ɗaukar dubban mutanen da ke sauka. In ban da manyan baƙi da masu dangi cikin gari, kowa a fili yake shimfiɗa tabarmarsa.

Tun kafin a san rumfar manya da jawabin minista, dabbobi ne suka kafa wannan taro. Da ruwa ya sauka, makiyaya suna barin ƙasar noma su yi arewa, don kada bisashe su shiga gonaki, don kuma su sami ɗanyar ciyawa da ƙasa mai gishiri ta kwarin Irhazer da wajen Tagidda, wadda ke wanke cikin dabba ta ƙara mata ƙarfi. A ƙarshen damina sai dangin da suka shekara ba su ga juna ba su haɗu, a ɗaura aure, a biya bashi, a sasanta rikici, a yi kiɗa. Mutumin Kurfai ba baƙon wannan al'amari ba ne. Makiyayan ƙasarsa ma arewa suke yi da damina, ko da ba dukansu ke kaiwa Ingal ba. Jar saniyar Azawak da ake tinƙaho da ita a gidan kiwo na Tukunus, arewa da Filinge, ɗiyar wannan ƙasa ce. Ɗan kasuwar da ke sayen raguna ran Lahadi a Baleyara, da ma'aikacin da ya ba Bafillace kiwon karsana biyu saboda ranar ritaya, dukansu suna da rabo a ciyawar arewa, ko sun sani ko ba su sani ba.

Mutum biyu ne ke tashi daga Filinge. Na farko ɗan kasuwa, da buhunan hatsi da sukari da ganyen shayi da turamen zane. Shi ya saba kwanan hanya. Kayan kwanansa tabarma, bargo, buta, fitila da sange. In ya sauka sai ya jera buhunansa ta gefen iska, ya ɗaura tamfol a jikin mota, ya zama gida. Na biyu ma'aikaci ne mai takardar tafiya aiki da kuɗin guzuri. Dattawa cikinsu suna tuna bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976, zamanin Seyni Kunce ɗan Fandu, lokacin da ƴan samariya ke sauka a azuzuwan lakwal, gwamnati ta ciyar, gwamnati ta shayar. Wanda ya tafi Ingal da wannan tunani zai sha mamaki. Nan ba mai raba katifa. An sha ganin babban ma'aikaci da sabon tanti ɗan Turai yana fama da turaku a tsakiyar iska, yaron Abzinawa na tsaye yana kallo, har ya ji tausayi ya zo ya nuna masa ta inda ake juya ƙofa.

Zaɓen wurin sauka shi ne rabin aikin. Baƙo yakan ga gebe mai farin rairayi da inuwar itatuwa, ya ce ya sami makwanci. Makiyayi ba ya kwana nan. Ruwa na iya sauka nesa, inda ba a ko jin tsawa, cikin dare ƙorama ta taso ta kwashe mutum da kayansa. Ƙasar laka kuwa, in hadari ya zuba, mota sai ta kwana biyu ba ta motsa ba. Tudu ake nema, nesa da hanyar da garke ke bi zuwa ruwa, kuma a kakkaɓe takalmi da safe kafin a sa ƙafa, saboda kunama.

Da rana, bikin na hukuma ne: jawabai, jerin gwanon raƙuma, tsere, gasar dabbobi, rabon kyauta. Likitocin dabbobi suna rigakafi, alƙalai suna ba da takardun haihuwa ga mutanen da ba su cika zuwa gari ba, kuma wannan aiki ne na kirki. Amma kiɗan da mutum zai riƙa tunawa da shi, sai bayan motocin manya sun tashi yake farawa. Mata Abzinawa su zauna da'ira, a rufe bakin turmi da fata a jiƙa ta, shi ne tende. Ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa da tafi, mahaya raƙuma su riƙa kewaya su, kowane yana sa amalensa ya taka daidai da kiɗan. Can gefe samarin Wodaɓe sun yi layi, sun shafe fuska da ja ko rawaya, suna fidda fararen idanu da haƙora, suna rera murya ɗaya mai tsawo ba ganga ba kalangu, sa'o'i a tsaye har ƙasa ta yi sanyi. Wani zango kuma matasa ne da gita da injin wuta, irin kiɗan da marigayi Abdalla Umbadugu ya yaɗa, Bombino ya kai shi Turai da Amurka. Ba mai sayar da tikiti. Mutum ya bi sauti cikin duhu, ya yi sallama, a matsa masa wuri, a miƙo masa shayi. Wanda ya koma gari ya kwanta bayan isha, ya ga taron Ingal, amma bai ji shi ba.

Abin da baƙi da yawa ba su lura da shi ba, wannan fili da suke kafa tantunansu makiyaya ce, masu shi kuma za su zauna bayan an watse. Ruwa shi ne na farko. Dabbobi dubbai da mutane dubbai a kan rijiyoyi da famfuna ƙalilan, ga motar tanki da sau da yawa take fara tsayawa wajen manya. Wanda ya zo da mota ba shi da hujjar zuwa da jarkoki wofi ya shiga layi gaban macen da ta yi tafiyar rabin yini da jakinta da salkarta. Na biyu itace: kwana uku na shayi da gashin nama sun isa su cinye bagaruwar da ta yi shekara ashirin tana tsiro. Buhun gawayi ko tukunyar gas daga gida ba su fi ƙarfin albashin kowa ba.

Na uku, kuma mafi muni, leda. Ledar ruwa, ledar kilishi, ledar sukari da aka ƙulla na dala biyar biyar, duk iska ke rabawa cikin ciyawa. Saniya ba ta tantancewa, musamman in ledar ta ji gishiri ko mai. Mahautan Filinge sun san abin da suke fiddawa daga tumbin dabbar da ta rame ba dalili: dunƙule kamar igiya, wanda ya toshe ciki har ta daina tuƙa. Ƙasar Nijar ta yi dokar hana irin wannan leda tun 2014, amma duk wanda ya ga filin biki ranar da aka tashi ya san inda dokar ta tsaya. Kuma ɗan kasuwa ne ya kawo ta, ma'aikaci ya yar, saniyar da watakila tasu ce ta haɗiye.

A Ingila akwai wani bikin kiɗa a Gilastonbari, da aka fara a 1970, inda mutane wajen 200,000 ke kwana biyar cikin tantuna a ƙarshen watan yuni. Wurin gonar shanun nono ce. Bayan biki ana ɗaukar makonni ana tsince shara kafin a maido da garke, kuma bayan ƴan shekaru sai a ɗage bikin ɗungum don ƙasa ta huta, kamar yadda aka yi a 2018. Turawan da ba su san salka ba sun gane cewa filin na shanu ne, su aro suka yi. Ingal ba ta da kuɗin tikiti da za ta biya masu shara. Abin da ya rage shi ne kowane zango ya tafi da buhun da ya zo da shi, cike da abin da ya ɓata.

Akwai kuma sharaɗin da ya fi ruwa tsada. Mutum ba ya kwana a fili tsakanin baƙi sai ƙasa na lafiya. Shekarun tawaye na farkon 1990 sun dushe bikin, sai bayan yarjejeniyar 24 ga afrilu 1995 ya fara farfaɗowa. Bikin kiɗan hamada na ƙasar Mali, da aka fara a 2001 aka daɗe ana yi a Esakan kusa da Tumbutu, tun na janairu 2012 ba a sake kafa tantunansa can ba. Mutanen Kurfai ba su bukatar a ba su labari: an sa dokar ta-ɓaci a Abala da maƙwabtanta a 2017, an hana hawan babur a sassan jahar Tillaberi a farkon 2020, makiyaya da yawa sun rasa garkunansu a hannun ƴan bindiga. Hanyar Sanam da Tabaram zuwa Tawa ita ce gajera, amma an ga shekarun da mai hankali ya gwammace ya zagaya ta Yamai da Doso da Ƙonni, ya ƙara kwana da kuɗin mai, ya bi ayari.

Wanda ya isa duk da haka, ranar tashi yakan sayi dabinon Ingal da cuku na tsaraba, ya naɗe tabarma tun da asuba. Kafin rana ta ɗaga motoci sun kama hanyar Abalak, ƙura ta lafa, yara makiyaya sun kora shanu cikin wurin da aka kwana.