Masu Shawarar Lafiya Da Malaman Zaure

 Akwai wani aiki da ya yawaita a wannan zamani wanda ya kamata masu karatun wannan shafi su san shi, watau aikin masanan da gwamnati ko manyan hukumomin lafiya ke ɗaukowa, a biya su lada, don su ba da shawara a kan lafiyar jama'a. Ba su duba majiyyaci, ba su yin allura. Aikinsu shi ne su ƙidaya, su auna, su gano abin da ke kashe mutanen gari, sa'an nan su gaya wa masu mulki abin da za a yi tun ciwo bai kama mutum ba. A da maganarsu duk ta sauro ce da ruwan sha da ƙyanda. Yanzu kuwa sun ƙara abu uku: shan taba, da ƙiba, da yawan zama ba motsi.

Mutane da yawa sun ɗauki wannan magana ta ƙoshi ce, wai ciwon Turawa ne ake so a laƙa wa talaka. To, kafin mutum ya yanke hukunci ya kamata ya ji hujjar mai magana, haka malamai suka koyar.

A shekarar 1950 wasu masana biyu a Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka bi asibitocin Landan suna tambayar masu ciwon dajin huhu, suka tarar kusan dukkansu mashaya taba ne. Ba su tsaya nan ba. A 1951 suka aika wa likitocin ƙasarsu takarda, kowa ya faɗi ko yana shan taba ko ba ya sha, aka yi ta bin labarin likitoci maza fiye da 34,000 har shekara 50. Abin da ya fito shi ne wanda ya dawwama a kan sigari yakan riga wanda ba ya sha mutuwa da wajen shekara 10, wanda kuwa ya bari yana ɗan shekara 30 yakan kuɓuta daga kusan dukkan wannan hasara, har mai shekara 60 ma in ya bari yakan samu rangwame. Doll kansa mashayi ne, da ya ga lissafin nan ya jefar da ita. Ajali na Allah ne, ba mai musun wannan. Amma wanda ya ƙaddara ajali shi ya ƙaddara sababi, kuma ba a taɓa jin malamin da ya halatta wa mutum ya faɗa rijiya wai don kwanansa na rubuce ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutane fiye da miliyan 7 kowace shekara, cikinsu har da matan mashaya da 'ya'yansu waɗanda ba su taɓa kai kara baki ba, hayaƙin ɗaki kaɗai suke shaƙa.

Ɗalibin ilmi zai ce ai magabata sun yi saɓani a kan taba. Gaskiya ne. Shehu Ahmad Baba na Timbuktu ya yi rubutu a 1607 yana ganin halaccinta, wasu malamai na zamaninsa suka haramta, ɗarikar Tijjaniyya kuma ta hana mabiyanta ita. Amma waɗanda suka halatta sun gina hukuncinsu ne a kan cewa ba ta sa maye kuma cutarwarta ba ta tabbata ba. Da an kai musu lissafin likitocin nan, da wuya su tsaya a inda suka tsaya, domin kare rai na daga cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo dominsu. Shisha da samari suka ɗauka ado ita ma taba ce, ruwan tulun ba ya wanke dafin da ke cikin hayaƙin.

Maganar motsi ita ma da asalinta. A 1953 wani likita mai suna Jeremy Morris ya auna ma'aikatan motocin haya masu bene na Landan. Direba yana zaune wuni guda, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Gari ɗaya, mota ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi. Daga irin wannan bincike ne Hukumar ta tsayar a 2020 cewa baligi ya yi motsin da zai sa numfashinsa ya ɗan ɗaga na minti 150 zuwa 300 a mako, yaro kuma sa'a guda kullum. A 2022 masu ƙiba a duniya sun haura biliyan ɗaya, kuma ƙiba ce ke buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini.

Hujjar masu shawara ke nan, kuma ta tsaya. Inda aibin yake shi ne yadda ake gudanar da aikin. Sau da yawa masani zai zo babban birni, a tara ma'aikata a otal kwana uku, a yi magana da Turanci, a rubuta littafi mai kauri, a ajiye shi a ofis. Mai shayi bai ji ba, ɗan acaɓa bai ji ba, matar da ke cikin kulle balle ita. Ƙasar Hausa ta riga ta ga sakamakon irin wannan. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda zargi, sai 2004 aka koma, kafin nan cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Abin bai daidaita ba sai da aka shigo da sarakuna da malamai, Sarkin Musulmi ya jagoranci sarakunan Arewa a kan aikin daga 2009, masu unguwa suka shiga gida gida, har a 2020 aka shaida Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar ta daji. Masu shawarar taba da ƙiba ba su da uzurin sake koyon wannan darasi daga farko.

A ƙasar Finlan ma haka aka yi. A 1972 aka tura wani likita matashi, Pekka Puska, wani lardi da ciwon zuciya ke kashe maza tun suna da ƙarfinsu. Ya tafi wajen ƙungiyoyin matan aure, domin su ke da tukunya, da wajen manoma da masu shaguna, aka rage man shanu da gishiri da taba. Cikin shekara 40 mutuwar ciwon zuciya a tsakanin magidantan lardin ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100.

Sa'an nan shawara sai ta dace da wanda ake ba. Almajirin da ya zaga unguwa uku da ƙoƙo kafin azahar ba ya bukatar a ce masa ya motsa jiki, abinci yake bukata, kuma masanin da ya kasa bambance wannan ya ci kuɗin banza. Wanda ake nufi shi ne alhajin da ke shiga mota don zuwa masallacin da ke bakin layi, da ɗan kasuwar da ke zaune a rumfa daga hantsi zuwa magariba kwalbar lemo na gefensa, alhali rabin lita na irin lemon nan mai zaƙi yakan ɗauki sukari sama da cokalin shayi 10. Haka matan gida. Kakanninsu sun yi daka da niƙa da jan ruwa, yanzu inji ya karɓe wannan duka, abin godiya ne, amma ba a maye gurbinsa da kome ba, ga shi kuma har ana ɗura wa amarya magani don ta yi jiki. Tumbi kuwa har yanzu ana yi masa kirari da cewa shaidar arziki ne. Malaman zaure su ma kada su zame kansu, domin wanda ya wuni a kan buzu yana biya wa ɗalibai karatu bai fi direban Landan motsi ba. Zuwa masallacin Juma'a a ƙasa, da ziyarar zumunci a ƙasa, da riƙe fartanya da damina, duk suna cikin minti 150 ɗin nan, ba sai an sayi takalmin gudu ba.

Abin da ya rage na hukuma ne. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005, ta kafa dokar taba a 2015. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana talla, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, ta kuma hana sayar da sigari kara kara, sai kwali guda mai 20. Hikimar wannan a fili take: yaro ba ya da kuɗin kwali, amma yana da kuɗin kara. Tun 2021 aka fara buga hoton cuta a jikin kwali, sai dai mai sayen kara ɗaya ba ya ganin kwalin. Duk wanda ya ratsa tashar mota ya san mai tebur yana ɓare kwali a gaban kowa, kuma sau da yawa wanda ake aika ya sayo almajiri ne. Ya kamata masanin da za a ɗauko nan gaba ya fara aikinsa daga teburan nan, ya zauna da sarkin tasha da sarkin kasuwa da limamin unguwa, ya sa a juya shawararsa da Hausa, boko da ajami. Malamin tsangaya kuma ya gaya wa ɗalibansa tun yau cewa ko wane ne ya aike su sayen taba su ƙi, in ya matsa su kawo ƙararsa zaure.