Itacen da ke Bandar Kifinmu Shi ne Ganuwar Gaɓar Teku



Duk mai bin labarin yankin Keta ya san yadda teku ke cin ƙasa a can. Ta rushe wani sashe na gidan Prinzenstein da Turawan Denmak suka gina a 1784, ta haɗiye mafi yawan ƙauyen Fuveme, kuma a watan Nuwamba na 2021 ta raba dubban mutane da muhallinsu. Wani zai ce mu 'yan kasuwa ne, ina ruwanmu da teku? Ruwanmu yana cikin kifin bandar da muke saye da sayarwa.

A bakin kogin Volta akwai wani itace da ake kira mangurob. Ba mangwaro ba ne. Yana tsirowa cikin laka inda ruwan kogi ke gauraya da na gishiri, saiwoyinsa a tsaye bisa ruwa, a sarƙe da juna. Idan igiyar ruwa ta taso, sai ta yi ta karo da saiwoyi da kututture da rassa, kowanne yana rage mata ƙarfi, kafin ta kai tudu ta gaji. Masana sun auna cewa kurmi mai faɗin mita 100 yana rage tsayin igiya da kashi 13 zuwa 66 cikin ɗari, gwargwadon kaurinsa. Saiwoyin kuma suna riƙe lakar da kogi ke kawowa, ƙasa ta daɗa tudu, ƙananan kifaye da jatan lande su sami mafaka.

A faɗi gaskiya, itacen ba ya tsayawa a buɗaɗɗen yashi inda teku ke duka kai tsaye, shi ya sa gwamnati ta jibge duwatsu a gaban Keta. Amma a mashigin kogi da gefen tafkuna, wannan ganuwa ta fi ta dutse araha, domin ita ke gyara kanta.

To, wannan itace shi ake sarewa a loda a kwale-kwale zuwa kasuwar Anyanui, masu banda su saya don wutarsa na daɗewa. Ban ce a hana sara ba, abincin iyalai da yawa ke nan. A yankin akwai masu dasawa su jira shekaru kafin su sare, akwai masu sharewa su wuce. Kuɗinmu ne ke zaɓar wanda zai ci gaba.

Shawarata ga sarakunan zango da shugabannin masu fataucin kifi ita ce su riƙa tambayar inda itacen ya fito, su fifita masu dasawa, su tura matasanmu duk ranar da maƙwabtanmu Anlo da Ada suka fita dashe. Dashen itace sadaka ce mai gudana. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, kuma da yawa daga cikinmu a bakin tekun nan muke kwana.

Allah Ya kiyaye mu da maƙwabtanmu.