Dutse ba ya wa'azi

Ƴan'uwa ɗalibai, wata cuta ta shigo fadodinmu, daga Agiye da Gazawa har Gidan Rumji. Wani zai ɗaga salula ya ce: "Masu tonon ƙasa sun tabbatar da Baibul kaf!" Na kusa da shi ya ce: "Ƙarya ne, sun rushe shi!" Ni kuwa na ce dukansu biyu ba su yi karatu ba, bidiyo kawai suka kalla.

Ga abin da ƙasa ta fitar. A 1961, a Kaisariya, an tono dutse mai ɗauke da sunan Bilatus, gwamnan Romawa da Linjila ta ambata. A 1993, a Tel Dan, an sami rubutun wani sarki mai cewa "gidan Dawuda". To, mai cewa duk tatsuniya ce, ya zai yi da waɗannan?

Amma kai ma mai murna, tsaya. Kathleen Kenyon ta tona Yariko daga 1952 zuwa 1958, ta ce garin ya rushe tun wajen 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, da daɗewa kafin zamanin da ake ba Joshuwa. Wannan fa, me ya sa ba ka tura mana shi a WhatsApp?

Dutse yana iya cewa wane ya yi sarauta. Ba ya iya cewa Allah ya yi magana da wane. Wannan aikin imani ne, shebur ba ya kai wa can.

Mu dawo gida. Sarkin Musulmi Bello ya rubuta cewa Gobirawa jikokin Kibɗawan Masar ne, kuma a Tsibiri har yau ana alfahari da hakan. Da wani Bature zai tona Birnin Lalle ya ce bai ga alamar Masar ba, wallahi ihu za mu yi, mu ce bai san darajar kakanni ba. Don me muke son a yi wa littafin maƙwabci awon da ba mu yarda a yi wa namu tarihi ba?

Kada mu raina wannan gardama. Coci-cocin da aka ƙona a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, waɗanda suka cinna musu wuta sun daɗe suna jin ana raina abin da wani ya riƙe. Wanda zai kawo hujjar tonon ƙasa a fada, ya kawo ta duka, mai daɗi da marar daɗi, ko ya sha shayinsa ya yi shiru.