Mene Ne Ci Gaba? A Tambayi Manomin Birnin Gwari

Da wuya a sami kalmar da ta sha wahala a bakin ma'aikatan gwamnati da 'yan siyasar ƙasar nan kamar kalmar nan "ci gaba". Da ita ake buɗe jawabin kasafin kuɗi, da ita ake rufe bikin aza harsashin gini, ɗalibanmu kuwa sun haddace ma'anoninta iri iri don cin jarrabawa. Amma in mai karatu yana son ya san abin da take nufi a ƙasa mai tasowa irin tamu, shawarata ita ce ya ajiye littafi tukuna, ya shiga mota a Kaduna ya yi yamma, ya bi ta Buruku da Udawa da Kuriga, tafiyar kimanin kilomita 120, har ya sauka Birnin Gwari. Can zai sami mutanen da suka sayi amsar wannan tambaya da tsada, watau da dukiyarsu da jinin 'yan'uwansu.

Ƙasar Birnin Gwari ba ƙasar talauci ba ce. Faɗinta ya ɗara murabba'in kilomita 6,000, ƙidayar 2006 kuma ta sami mutum sama da 250,000 a cikinta. Ƙasa ce mai albarkar noma, mai ba da masara da dawa da shinkafa da wake. Tana da zinariya wadda ake haƙa tun zamanin Turawa, tana da dabbobi, tana da madatsar ruwa ta Bagoma. Babbar hanyar da ta tashi daga Kaduna ta nufi Tegina har zuwa kudu ta ratsa ta, wata kuma ta fita daga garin ta yi Funtuwa. Ta yi iyaka da Jihohin Zamfara da Katsina da Neja. Duk abin da masana tattalin arziki suke lissafawa in suna maganar bunƙasa, Allah ya ajiye shi a nan. To, ina gizo yake saƙar?

Ba za a ce gwamnatoci ba su yi shirye-shirye ba. Cikin 1976 kaɗai aka yi wa ƙananan hukumomi gyaran fuska, aka ƙaddamar da ilmin firamare kyauta ga kowa, aka kuma fito da shirin ciyar da ƙasa na zamanin Janar Obasanjo. A 1980 Shugaba Shehu Shagari ya kawo nasa shirin bunƙasa noma. A 1986 Janar Babangida ya kafa hukumar samar da abinci da hanyoyi da kayan more rayuwa a karkara, wadda aka fi sani da DFRRI. Kowanne ya zo da kakaki da tambura, kowanne ya bar allon sanarwa a bakin hanya. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne mudun da suke awo da shi: rijiya nawa aka haƙa, aji nawa aka gina, buhun taki nawa aka raba, Naira nawa aka kashe. Ba wanda ya koma bayan shekara biyar ya duba ko rijiyar tana da ruwa, ko ajin yana da malami. A ganina nan ne muka fara ɓata hanya, don mun ɗauki ci gaba a matsayin kayan da ake saukewa daga mota a koma birni, alhali kuwa zama ne da ake yi tare da jama'a.

Bari mu ɗauki misalin haraji, don ya isa darasi. A 1979, da Alhaji Balarabe Musa ya zama Gwamnan Jihar Kaduna, ya soke haraji da jangali, kamar yadda Alhaji Abubakar Rimi ya yi a Kano. Talakawa suka yi murna, kuma sun cancanci yin ta, don kuwa duk wanda ya ji labarin yadda ake shanya magidanci a rana saboda kuɗin haraji ba zai yi fatan dawowarsa ba. Wannan ci gaba ne na haƙiƙa, don ya ɗauke wa mutum wulaƙanci. Amma shekara arba'in da 'yan kai bayan haka, sai ga manomin Birnin Gwari yana biyan wani harajin da ya fi na da muni. Ƙungiyar ci gaban masarautar, watau BEPU, ta sha fitowa, musamman cikin 2022, tana kokawa cewa manoma sai sun biya 'yan bindiga kafin su yi shuka, su kuma sake biya kafin su kwashe amfanin gona. Harajin En'e, duk da zaluncin da ke cikinsa, ana ba da rasit, kuma da shi ake biyan alƙali da malamin asibiti. Wannan kuwa ba rasit, ba alƙali, wanda ya ƙi biya kuma ransa ne a bakinsa. Wanda duk ya ce mini an ci gaba a tsakanin shekarun nan biyu saboda an sami wayar salula da babura, sai in roƙe shi ya fara warware mini wannan.

Yanzu sai mu shiga dajin kansa. Tun 1936 hukumar En'e ta keɓe dajin Kamuku, a 1999 kuma Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun daji na ƙasa, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,100, wanda ya haɗe da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Daji ne da aka san shi da giwa da gwanki. A takarda, na gwamnati ne. Dokar ta hana manomi sara, ta hana makiyayi kiwo, ta hana maharbi farauta. Madalla da kare daji, ba ni da ja a kan wannan. Sai dai mallakar wuri ba ta tabbata da doka kaɗai. In ka hana jama'a shiga wuri, kai kuma ba ka ajiye isassun ma'aikatan gandun daji da kayan aiki da hanyoyin sintiri a cikinsa ba, to, ka share wa wani ɗaki ne ka yi masa shimfiɗa. Haka kuwa aka yi. Ɓarayin shanu suka fara samun mafaka, daga satar shanu aka koma tare hanya, daga tare hanya aka koma satar mutane don neman kuɗin fansa. Daga baya har 'yan ƙungiyar Ansaru suka sami wurin zama a gabashin masarautar, wajajen Damari, suna wa'azi, suna yi wa mutanen ƙauye alkawarin kariya. Abin kunya ne a ce wani ya sami shiga zukatan talakawa da alkawarin abin da shi ne aikin farko na kowace hukuma.

Akwai kuma mutumin da lissafin ci gabanmu ya manta da shi ɗungum, shi ne makiyayi. A zamanin jangali, ko don neman kuɗi, hukuma ta san kowane ruga, ta san arɗonsa, ta san yawan shanunsa, malamin dabbobi kuma yana zuwa yin allura. Da aka soke jangali ba a kafa wata igiya a madadinsa ba, sai hulɗa ta yanke. Dokar makiyaya ta 1965 ta Jihar Arewa ta tanadi wuraren kiwo, amma gonaki suka yi ta cinye su tare da burtali. An kafa hukumar ilmin 'ya'yan makiyaya a 1989, hedkwatarta ma a Kaduna take, amma yaro nawa ne daga cikin dajin nan suka taɓa zama gaban allo? Yaron da ya tashi bai san gwamnati ba sai ranar da aka kama ubansa aka ci shi tara, ko ranar da aka kore musu garke ba wanda ya bi sawu, wannan yaro ba wuyar ɗauka gare shi ba ga mai raba bindiga. Ba ina wanke mai laifi ba ne. Wanda ya kashe rai ya kashe, kuma mafi yawan makiyaya su ma an cuce su ne, ba su cuci kowa ba. Abin da nake cewa shi ne icen da aka ƙi tanƙwarawa yana ɗanye, ga shi mun ga abin da ya zama da ya bushe.

Sauran labarin mai karatu ya san shi. A watan Mayu 2018 duk jaridun ƙasar nan sun buga kisan da aka yi a ƙauyen Gwaska, inda aka hallaka mutum fiye da 40 a yini ɗaya. A ƙarshen Satumba 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a yankin, ta hana hawa babur, kasuwannin mako kuma aka dakatar da su, duk don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari da abinci da mai. Ko matakin ya yi amfani ko bai yi ba, a lura da abin da ya nuna: waya da babur da kasuwa, watau ainihin abubuwan da muke nunawa da yatsa mu ce ga ci gaba, su ne hukuma da kanta ta ga tilas ta janye. A watan Maris 2024 kuma aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, a kan wannan hanya dai, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, aka sako 137 bayan fiye da mako biyu. Ginin makarantar yana nan, amma wane uba ne zai kira shi ci gaba a ranar?

A ƙarshen Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi waɗansu 'yan bindiga da suka ce sun tuba, ya kuma buɗe kasuwar Kara ta dabbobi wadda ta yi kimanin shekara goma a rufe. Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, wanda ya daɗe yana kuka da halin da talakawansa suke ciki, yana cikin waɗanda suka ga wannan rana. Akwai masu sukar sulhun, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Suna tambaya: ina hakkin matar da aka kashe wa miji? Ina tabbacin an ajiye makamai? Ashe ba a yi irin wannan sulhu a Zamfara da Katsina a 2019 ya warware ba? Duk gaskiya ne. Amma ni ban ga yadda wanda yake kwana cikin gida mai katanga a Kaduna zai ce wa wanda ya yi shekaru bai taka gonarsa ba kada ya yi murna da buɗewar hanya ba. Inda na rabu da masu yabon sulhun shi ne inda suke kiransa nasara. Sulhu lokaci kawai ya saya mana. In aka bar dajin da ƙauyukan yadda suke, ba alƙali kusa, ba malami, ba malamin dabbobi, ba ɗan sandan da talaka zai kai wa ƙara ba tare da ya taɓa aljihu ba, to, abin da ya haifi fitinar yana nan kwance.

Nan ne maganar ta zo kanmu, mu ma'aikata. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: tun kafin a fara jin ƙarar bindiga, in aka yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki zuwa irin su Randagi ko Kuyello ko Dogon Dawa, ɗauka yake an yi masa horo. Na san wani abokin aiki da takardar canji ta same shi, ya yi wata uku yana kai gwauro yana kai mari tsakanin ofisoshi da gidajen manya, har aka soke ta. Da ya yi nasara har walima ya yi mana, mu kuma muka ci muka yi masa barka. Ban tuna akwai wanda ya tambayi wa zai je a madadinsa ba, ni ma ban tambaya ba. Waɗansu kuma sukan karɓi canjin, su sa hannu a rajista ranar Litinin, Talata da hantsi suna tasha. Ta haka gwamnati take janyewa daga karkara, ba da sanarwa ba, sai da ɗai-ɗai, ma'aikaci bayan ma'aikaci. Laifin ba namu kaɗai ba ne, don wanda aka tura ƙauye ba gida, ba alawus, kuma in ana ƙarin girma a manta da shi, an koya masa gudu. Ya kamata Ofishin Shugaban Ma'aikata da Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi su juya wannan lissafi: shekara biyu a Kakangi ko Tabanni ta fi shekara biyar a hedkwata nauyi wajen ƙarin girma, a kuma biya alawus ɗin a kan kari.

Sai batun raya karkara ta hanyar taimakon kai da kai, wanda muke yawan fakewa da shi. Bahaushe bai jira wani masani ya koya masa aikin gayya ba. Da shi ake noma gonar marar lafiya, da shi ake gyaran hanya da masallaci da maƙabarta, da shi garuruwa da yawa suka gina ajujuwa kafin hukuma ta kawo malami. Amma aikin gayya yana da iyaka. Jama'a suna iya haɗa kuɗi su yi kwalbati, ba sa iya yi wa kansu shari'a. Da aka bar mutanen ƙauye su tsare kansu, sai 'yan sa-kai suka fito, waɗansunsu suka ba da rayukansu don kare garuruwansu, waɗansu kuwa suka riƙa hukunta mutum saboda kamanninsa ko harshensa, ramuwar gayya ta yi ta juyawa. Tsaro da shari'a ba a ba da su gayya. Kazalika zinariyar da ake haƙa a ƙasar, in dai ba za a yi wa masu haƙar rajista ba, a san mai saye, a ware wa garuruwan da ake haƙa a ƙasarsu wani rabo da za su gani da ido, to, kuɗinta zai ci gaba da sayen harsashi.

Ɗalibanmu na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna da sauransu suna karanta cewa tun 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara auna ci gaban ƙasashe da tsawon rai da ilmi, ba da kuɗin shiga kaɗai ba. To, ga filin gwaji a ƙofar gida. Maimakon a yi ta kwafar kundin bincike daga na bara, mazaɓu goma sha ɗaya ke cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari. A raba su, a je a ƙidaya makaranta nawa ce take da malami a aji ranar Alhamis, ƙauye nawa ne mutanensa suka koma, gona nawa aka nome ba tare da an biya kowa ba, mace mai naƙuda kuma awa nawa take yi kafin ta ga ungozomar asibiti. A buga sakamakon, a aika wa Majalisar Dokokin Jiha kafin ta zauna kan kasafin kuɗi na gaba.