Sai Ruwa Ya Kai Gonar Ƙarshe

Batun da za mu tattauna a wannan mako shi ne shugabanci. Na san wata za ta ce, "Ina ruwan mace da shugabanci? Ai wannan sha'anin sarakuna ne da 'yan majalisa." To, ba haka ba ne. Uwargida shugaba ce a cikin gida. Uwar adashi shugaba ce. Wadda aka zaɓa ta riƙe ƙungiyar masu turara shinkafa shugaba ce, haka kuma yarinyar da malama ta naɗa monita a aji. Duk wadda aka ɗora wa amanar mutum biyu ko uku, maganar nan tata ce.

Mu mutanen Madobi da Kura da Bunkure ba sai mun je nesa neman misali ba. An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can ruwa ke gangarowa ta babban kanal, ya rarrabu cikin ƙanana, har ya shiga gonakin alkama da shinkafa da tumatir da albasa a tsakiyar rani. Kowace matar manomi ta san mai gona a bakin kanal shi ruwa ke fara iskewa. In ya toshe hanya ya tare ruwan duka, shukar na ƙarshe ta bushe. Shi kansa kuwa bai ci riba ba, domin ruwa in ya yi yawa sai ya kwanta, saiwa ta ruɓe. Saboda haka in ana so a gane ko mai rabon ruwa adali ne, ba gonar farko ake dubawa ba. Sai a taka har gonar ƙarshe, a ga ko ta jiƙa.

To, shugaba ita ce mai gona a bakin kanal. Kome ya zo, ko taki ne, ko rance, ko keken ɗinki, ko naman suna, ta hannunta zai bi. Jarrabawarta ke nan. Za ta fara da kanta da danginta, ko kuwa da matar nan da mijinta ya rasu ya bar mata marayu, wadda ba ta da bakin magana a taro?

Ku dubi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864. Mahaifinta Shehu ne, ɗan'uwanta Muhammadu Bello Sarkin Musulmi, mijinta Waziri Giɗaɗo. Da hutu take so, wa zai hana ta? Amma sai ta tuna da matan ƙauye, waɗanda ilimi ba ya kai musu. Ta kafa 'Yan Taru, ta zaɓi dattijai mata masu hankali, ta naɗa su jaji, ta ba kowace malfa alamar muƙami. Jaji takan jagoranci tsofaffi da 'yan mata su tako har wurin Nana, su koyi karatu a cikin waƙoƙin da ta tsara da Fulatanci da Hausa, su koma su koyar da matan aure a cikin gidajensu. Ɗan abin da suka kawo mata na alheri, hatsi ko zuma ko man shanu, ba ta tara shi ba, ga mabukata yake tafiya. Ga shi yau shekara fiye da 160 da rasuwarta, makarantu na ɗauke da sunanta.

A nan Kano kuma akwai Malam Aminu Kano. Malamin makaranta ne, ya koyar a Bauci, ya shugabanci makarantar horon malamai ta Maru, sa'an nan ya ajiye aikin a 1950 ya shiga gwagwarmayar talakawa a jam'iyyar NEPU. Ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a zamanin Janar Gowon, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979. Yana cikin waɗanda suka dage a ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a tun abin yana baƙon zance. Da ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983, ba a ga benaye da rumbunan dukiya ba. Gidansa na Gwammaja, wanda talaka ke shiga ba shamaki, shi ne ake kira Mambayya, Jami'ar Bayero na kula da shi. Mutane sun sha bamban a kan siyasarsa, amma kan cewa bai tara abin duniya ba, har abokan hamayyarsa sun shaida.

Yanzu bari mu komo gida. Ke da aka ba riƙon ƙungiya, ki sami littafi ki rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ki sa a karanta a gaban kowa. In ba ki iya rubutu ba, ga 'yarki 'yar makaranta. Ranar rabo kuwa, ki sa sunanki a ƙarshen takarda. Ke uwar adashi, kuɗin zubi ba jarinki ba ne. Ranar kwasa ki miƙa shi cif, ba "sai gobe" ba. Ke uwargida, in kina rabon tuwo, dubi kwanon ɗan kishiya da na ɗan riƙo kafin na ɗanki. Ke kuma monita, ranar shara ki riga kowa ɗaukar tsintsiya, kada kuma ki rubuta sunan wata a masu surutu don ta hana ki gyaɗa.

Ba na ce abin da sauƙi ba. Babba juji ne, in ji masu magana. Za ki yi hidima a zage ki, danginki ma su ce ba ki da amfani, tun da ba ki fifita su ba. Ki yi haƙuri. Wadda ta ci amana ta ci ta kwana ɗaya, amma daga ranar ko gaskiya ta faɗa ba mai yarda, har ƙungiyar ta watse kowa ya yi hasara.

Mu mabiya ma da namu laifin. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne ke zaɓen mace don zanenta ya fi tsada, ko don ta raba mana sabulu. In lokacin zaɓe ya zo, na ƙungiya ko na ƙasa, mu tambayi kanmu: wa muka taɓa gani tana jinyar maƙwabciya, ko tana sasanta ma'aurata, ba don a biya ta ba? Ita ce ta cancanta.

Allah ya ba mu shugabanni masu tausayi, ya ba mu ikon riƙe amana, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.