RUWAN SAMA BA YA WANKE MOTA

Da zarar damina ta kankama a ƙasar Karaye da Rogo, akan ji wata magana a bakin direbobi da masu motoci, wai wanke mota a wannan lokaci asarar sabulu ce, tun da gobe ma taɓo za a shiga, ga shi kuma Allah yana saukar da ruwa yana wanke ta kyauta. Duk wanda ya tsaya a bakin hanya a Unguwar Hajji cikin watan Agusta, lokacin marka, zai ga motocin da suka fito daga ƙauyuka da gonaki sun yi jawur da laka tun daga taya har gilashi, wata ma ta yi mako biyu ba ta ga soso ba. Wannan magana kuskure ce, kuma kuskure mai tsada.

Ruwan sama saman mota kawai yake ɗauraye wa. Cutar kuwa a ƙarƙashi take. Jar lakar hanyar burji takan manne a ƙarƙashin mota, da kewayen tayoyi, da bakin ƙofofi, ta daskare a can. Ko rana ta fito ta busar da bayanta, cikinta na riƙe da danshi, ƙarfe kuwa in ya daɗe tare da danshi da iska sai tsatsa. Fentin da ke kāre jikin mota bai fi kaurin takarda ɗaya ko biyu ba, tsakuwa ɗaya in ta fallatso daga taya ta isa ta ɓantare shi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, haka tsatsa take: ta ɗan wannan tabo take shiga, ta riƙa ci ta ƙarƙashin fenti, mai mota bai sani ba sai ya ga wurin ya kumbura.

Akwai kuma wani abu da ya shafi ƙasar noma irin wannan. Da damina motar da ta ɗauki fasinja ita ce ke ɗaukar buhunan takin zamani zuwa gona. Takin zamani kuwa yana jawo danshi, yana cin ƙarfe kamar gishiri. In buhu ya ɓule ya zube a bayan a-kori-kura ko a but ɗin ƙaramar mota, ruwa ya taɓa shi, aka bar shi ya kwana biyu, to an buɗe wa mai walda ƙofar ciniki.

A shekarar 1975, lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, ma'aikaci kan karɓi rance ya sayi 504 sabuwa fil. Yau yawancin motocin da ke bin waɗannan hanyoyi kwance ne daga Turai da Amurka, inda ake watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, saboda haka da yawa cikinsu da tsatsarsu suke isowa. Daɗin daɗawa, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin mota da na kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo. Direban da motarsa ta ruɓe a yau da wuya ya iya maye gurbinta, alhali kuwa ita ce gonarsa, ita ce kuma ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare.

Wankin kansa yana da ƙa'ida. Daga ƙarƙashi ake farawa, a kwarara ruwa har laka ta saki, sa'an nan a jiƙa jikin motar sosai kafin a ɗora soso, domin tsumman da aka goga a kan busasshiyar laka yashi yake ja a kan fenti, ya bar zane. Sabulun gari na wanki yana kankare man da ke sa fenti sheƙi, in dole ne a yi amfani da shi sai a sa kaɗan a ɗauraye da wuri. Ba a wanki cikin tsakar rana jikin mota na zafi. A gindin kowace ƙofa akwai 'yan ramuka da ruwa ke fita, in laka ta toshe su ƙofar ta ciki za ta ruɓe. Shimfiɗun ƙasa da suka jiƙe a fitar da su a shanya. Kashin tsuntsu da ya zubo daga darbejiya a goge shi a ranar. Inji kuwa, musamman na motocin yanzu masu na'urorin lantarki, ba a sheƙa masa ruwa. Inda fenti ya ɓantare a shafa wani tun wurin bai yi ja ba.

Amma gyaran mota bai kamata ya zama ɓarnar ruwan jama'a ba. Wasu in sun tashi wanki sai su tura mota cikin rafi ko bakin dam, baƙin mai da kumfar sabulu su bi ruwa. A ƙasar Karaye ne madatsar ruwa ta Challawa take, wadda aka kammala a 1992, ga kuma ta Kusalla. Daga irin waɗannan ruwaye masunta ke kamun kifi, dabbobi ke sha, masu noman rani ke ban ruwa, kogin Challawa kuma shi ne ke gangarawa har inda ake tace wa birnin Kano ruwan famfo. Ban da haka, rafin damina ba shi da amana, ana iya yin ruwa a wani gari can sama, ambaliya ta iso ta tarar da mota a tsakiya. Haka nan al'adar fesa baƙin mai a ƙarƙashin mota wai don hana tsatsa, robobin motar take lalatawa, ragowar kuma ta tsiyaye cikin ƙasa.

Saboda haka ana kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi da ke tashoshin Karaye da Rogo su ja hankalin 'ya'yansu a kan wannan al'amari. Ƙananan hukumomin biyu kuma ya kamata su keɓe wuraren wankin mota nesa da rafi da rijiya, a yi musu daɓen siminti, da tudun da mota za ta hau a ga ƙarƙashinta, da ramin da ruwan datti zai taru. Samarin da ke wannan sana'a za su sami abin yi, ruwan sha kuma ya tsira. Dagatai da masu unguwanni su ma suna da ta cewa, domin su ne suka san kowane mashigi da ake tura mota.

Mai mota ya zaɓa, ko ya biya kuɗin bokitin ruwa da damina, ko ya biya mai walda da mai fenti da kaka. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.