Hujjar Masu Ƙera Akwatin Wasannin Da

A Amurka da Turai da Japan akwai mutanen da kan sayi katako da waya da maɓallai, su shafe makonni suna awo da yanka a bayan gida, har su tayar da akwati mai tsayin mutum, irin wanda ake jefa wa kuɗi a yi wasa a shagunan shekarun 1970 da 1980. Kuma ko da yake masu gaggawar hukunci sukan kira wannan lagawu da almubazzaranci, tun da wayar hannu ma tana iya ɗaukar wasannin nan, ni a ganina aiki ne na hifzi, wanda ya cancanci a dube shi da idon basira.

Hujjata ita ce, ba a halicci wasannin nan dabam da akwatunansu ba. A 1972, lokacin da Allan Alcorn ya haɗa wa kamfanin Atari wasan Pong, talabijin baƙi da fari ya sayo a kanti, ya sa a cikin akwatin katako, aka kai wata mashaya a garin Sunnyvale na jihar Kalifoniya. Ba a daɗe ba aka aiko cewa na'urar ta tsaya, da aka buɗe sai aka tarar kuɗi ne suka cika ta. Ashe ke nan asalin sana'ar kanta aikin hannu ne. Haka kuma Pac-Man, wanda Toru Iwatani ya tsara wa kamfanin Namco a 1980, an yi shi ne domin allo mai tsayuwa a tsaye da sandar tuƙi mai fuska huɗu tak, har wanda ya buga shi da sanda mai fuska takwas zai ji tana saɓa masa a kowace kwana. Street Fighter II kuwa, na kamfanin Capcom a 1991, maɓalli shida ya ba kowane ɗan wasa, ya tsayar da mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, jama'a na bayansu suna kallo suna jiran layi. Wanda ya taɓa leƙa gidajen gem na garuruwanmu ya san rabin daɗin yana cikin wannan taron.

Gaskiya ne manhajar MAME, mai kwaikwayon tsoffin injunan wasa a kwamfuta, wadda wani Ba'italiye, Nicola Salmoria, ya fara fitarwa a 1997 da nufin adana ilimin tsoffin injunan kafin su ruɓe, ta yi hidima babba wadda ba mai musunta. Sai dai abin da ta tsare ya yi kama da matanin littafi ne, alhali kuwa kowane almajiri ya san yadda ake karanta matani sai an ɗauko daga bakin malami. Tsayin allo, da karkatarsa, da taurin sanda a tafin hannu, da tazarar da ke tsakanin maɓalli da maɓalli, duk riwaya ce wadda mai ƙera akwati kaɗai yake isarwa.

Aikin kansa bai fi ƙarfin kafinta da mai gyaran talabijin na kasuwanninmu ba, in sun haɗa kai. Katako mai kaurin milimita 18, da ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi da aka fara sayarwa daga Ingila a 2012, da sanduna da maɓallai irin na Sanwa ko Seimitsu na Japan, da ɗan allon lantarki mai isar da saƙon maɓalli zuwa kwamfuta, sun wadatar, muddin an bar kafar iska a baya saboda zafi. Amma wajibi ne in yi gargaɗi game da tsohuwar talabijin mai ƙeya, wadda masana suka fi so domin ita ce ke ba da hoton na asali: tana riƙe da wuta mai ƙarfin gaske ko bayan an zare ta daga soket, don haka wanda bai ƙware ba kada ya sa mata hannu; allon zamani ya ishe shi.

Saura mas'alar amana, wadda da yawa daga masu wannan sha'awa suke kawar da kai daga gare ta. Manhajar MAME ba ta zuwa da wasanni, kuma wasannin suna da masu su, domin kamfanoni irin su Nintendo da Capcom da magadan Namco suna nan da ransu, tsufan abu kuwa ba ya mayar da shi tsintuwa. Wanda ya ɗora dubban wasanni daga intanet ba da izini ba, musamman in ya kafa akwatin yana karɓar kuɗin yara, ya ci haƙƙin wani, komai kyawun niyyarsa. Hanyar halal tana nan: ya sayi tarin wasannin da kamfanonin suka sake fitarwa da kansu, ko ya nemi wasannin da masu su suka yafe wa jama'a, ko kuma, in yana da hali, ya sayi tsohon allon wasa na asali, domin tun da masana'antun Japan suka daidaita mahaɗin JAMMA mai ƙafa 56 a 1985, akwati guda yana karɓar allunan kamfanoni dabam-dabam ba tare da an sake jan waya ba.